Yadda za ku haɗa waƙar ta'aziyyar surukinka alhali kowa yana garinsa

"Assalamu alaikum. Surukina, mahaifin matata, ya rasu wata biyar da suka wuce. Mutum ne da ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Ni da ƙanin matata da abokanmu biyu muna ɗan taɓa waƙa, ba sana'armu ba ce, kuma muna so mu yi masa waƙar ta'aziyya kafin ya cika shekara. Matsalar ita ce ni ina Zariya, ƙanin matata yana karatu a Sakkwato, mai buga mana fiyano yana Maraɗi, ɗayan kuma yana aiki a Jidda. Mun gwada rerawa tare ta kiran bidiyo, abin ya dagule. Muka koma tura saƙon murya, da aka haɗa sai kowace murya ta kama gabanta, ga ƙara. Ina kuskurenmu, kuma yaya ake yi? Sannan ya dace ma mutum ya yi wa surukinsa waƙa?"

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya sa can ta fi masa nan, ku kuma ya ba ku haƙurin rashinsa. Tambayarka gida biyu ce: dacewar abin a tsakaninka da gidan surukanka, da kuma yadda mutum huɗu a garuruwa huɗu za su fitar da waƙa ɗaya mai sauraruwa da wayoyin hannunsu. Zan fara da ta farko, domin amsarta ce za ta nuna irin waƙar da za a gina.

Yi wa mamaci waƙa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta marsiyoyi da dama, har da ta ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837. Tsarin irin waɗannan waƙoƙi sananne ne: a fara da sunan Allah da salati, a ambaci halayen mamacin na gari, a yi masa addu'a, a ba waɗanda ya bari haƙuri. Abin da addini ya hana a fili shi ne kururuwa da maganar da ke nuna rashin yarda da ƙaddara, don haka duk ɗangon da ya yi kama da tuhumar mutuwa ko tambayar dalilin ɗaukarsa, a cire shi. Hukuncin sa kayan kiɗa kuwa fagen malamai ne, sun kuma saɓa a kai, mai haɗa sauti irina ba shi da ta cewa a nan. Abin da zan iya ba ka shi ne dabarar aiki: ku gina waƙar yadda za ta tsaya da ƙafarta ko an cire fiyanon, sannan a ƙarshe a fitar da kwafi biyu, mai kiɗa da na murya zalla.

Game da surukuta, kunyar da ke tsakaninku ba ta hana ka yaba masa ba, ita ce ma za ta koya maka yadda za ka yabe shi. Ba ka kama sunansa yana raye, to kada ka kama shi a waƙa. "Baba" ko "Alhaji" ko sunan da jikoki ke kiransa da shi ya wadatar, in kuma dole sunan yanka ya fito, ka bar wa ƙanin matarka wannan ɗangon ya san yadda zai sakaya shi. Kafin a ɗauki ko da harafi ɗaya, matarka ta sanar da Hajiya da babban ɗan gidan. Tunda wata biyar ke nan, Hajiya ta fita takaba, wadda wata 4 ce da kwana 10, saboda haka ana iya tuntuɓarta. Ku karanta musu baitocin a rubuce. Gyaran kalma a takarda minti ɗaya ne, gyaranta bayan mutum huɗu sun rera kuwa sake aiki ne daga tushe.

Dalilin da kiran bidiyo ya ƙi yi

Ba laifin muryoyinku ba ne. Duk abin da ka faɗa a kiran intanet sai waya ta mayar da shi lambobi, ta matse shi, ya bi ta hasumiyar sadarwa da rumbunan kamfanin, sannan wayar abokinka ta warware shi. Wannan tafiya kan ci milisakan 150 zuwa 300 (milisakan 1000 ne daƙiƙa ɗaya), wani lokaci fiye. A hira ba a damuwa da hakan. A waƙa kuwa, da jinkiri ya wuce kimanin milisakan 30 mawaƙa kan fara kasa riƙe kari ɗaya. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, ke nan milisakan 30 daidai yake da abokin waƙarka yana tsaye mita 10 daga gare ka, milisakan 200 kuwa tamkar yana nesa da kai da kusan mita 70. Sai kai kana jiransa, shi ma yana jiranka, waƙar ta yi ta ja da baya har ta tsaya. Ƙari a kan haka, manhajojin kira an ƙera su ne don magana. Suna ɗaukar dogon sautin fiyano a matsayin hayaniya su danne shi, in mutum biyu suka ɗaga murya tare su rage ɗaya.

Akwai manhajoji irin su Jamulus da SonoBus da aka yi don kiɗa tare kai tsaye, amma suna son intanet na igiya mai ƙarfi da ɗan kusancin wuri. Tsakanin Zariya da Jidda a kan datar waya, kada ku ɓata lokacinku. Ku bar kiran bidiyo don shawara kawai.

Saƙon murya kuma cutarsa uku. WhatsApp yana matse shi ƙwarai don ya yi sauƙin tafiya, sai ƙarfen muryar ya tafi. Kowa ya danna ɗauka a lokacin da ya ga dama, babu mafari ɗaya. Mafi muni, kowa ya rera da saurin da ke cikin kansa. Mutum ba agogo ba ne, in ya zo ɗangon da ya taɓa masa zuciya zai ja shi, in ya zo amshi zai ƙara sauri, kuma wurin da kai ka ja ba nan ɗan'uwanka zai ja ba. Maganin dukkan ukun abu ɗaya ne: a yi fayil guda, wanda nake kira jagora, kowa ya sa shi a kunne ya rera a kansa, ɗaya bayan ɗaya. Shi ne harsashin ginin, in ya karkace duk abin da aka ɗora a kai ya karkace.

Baitocin tukuna

Ba a yin jagora sai rubutu ya zauna. Mutum ɗaya ne zai riƙe alƙalami, sauran su kawo masa kaya. Kayan da nake nufi ba "mai haƙuri ne, mai kyauta ne" ba, domin wannan kowane mamaci ana faɗa masa, kuma ba ya sa kowa ya ga fuskarsa. Ku tambayi matarka da 'yan'uwanta da maƙwabta abubuwan da ido ya gani: inda yake zama bayan La'asar, tashar da yake kamawa a rediyo, yadda yake ɓara goro ya miƙa wa baƙo rabi, kalmar da yake faɗa in yaro ya yi kuskure, rigimar da ya sasanta, marayan da ya aurar. Daga irin wannan ne ake samun ɗango kamar:

Tabarmar zaure tana nan a naɗe,
Butar alwala tana nan a kife.

Babu kalmar baƙin ciki ko ɗaya a ciki, amma duk wanda ya taɓa gaishe shi a zauren nan ya san abin da ake faɗa. Ka lura kuma kowane ɗango gaɓa 11 ne, amsa-amonsu ɗaya. Wannan ƙidaya tana da amfani ga aikinku fiye da na mawaƙin da ke rera abinsa shi kaɗai, domin in ɗango ɗaya gaɓa 11 ne wani 15, kowannenku zai cusa rarar ta hanyarsa daban, amshi ya watse. Ku ƙirga da yatsa, ku kuma kula da gaɓa mai nauyi da mai sauƙi, kada dogon wasali ya faɗa inda kari ke son gajere.

Karin harshe ma yana da haƙƙi. Hausa tana bambanta ma'ana da hawa da saukar murya, kuma kalmar da za ku fi maimaitawa tana cikin masu haɗari: Baba namiji murya kan fara ƙasa ta hau, Baba mace kuwa ta fara sama ta sauka. In karin waƙar ya sauko a inda magana ke hawa, mai sauraro zai ji kamar gwaggo ake yi wa ta'aziyya. Hanyar kauce wa haka ita ce a karanta ɗango da baki kamar magana sau da yawa, a bar karin ya fito daga cikin maganar, maimakon a ƙirƙiro kari a fiyano a zo ana tura kalmomi ciki. Tunda kuma akwai Bazazzagi da mutumin Maraɗi a cikinku, ku daidaita lafazin amshi tun yanzu. Baiti kowa ya rera da harshen garinsu, yana ma ƙara armashi, amma amshi baki ɗaya ake so.

Tsawo kada ya wuce minti 4 zuwa 5. Ga lissafi: a saurin bugu 76 a minti, kowane zagaye mai bugu 4 yana cin daƙiƙa 3 da 'yan kai. Baiti mai ɗango 4 zai ci zagaye 8, wato kusan daƙiƙa 25, amshi mai ɗango 2 kuma kusan 13. Baiti 6 da amshi 7 sun ba ka minti 4 cif. Waƙar ta'aziyya ta fi zama tsakanin bugu 66 zuwa 84. Ƙasa da haka wanda bai saba ba numfashinsa ba zai kai ƙarshen ɗango ba, sama da haka ta fara kama da ta biki.

Yin jagora

Wannan aikin mai fiyano ne da kai. Da farko ku nemo matakin da za a ɗora waƙar, abin da 'yan situdiyo ke ce wa kii. Kowa ya rera amshin a saƙon murya, a nan saƙon murya ya isa, mai fiyano ya gano inda muryar kowa ta ƙare a sama da ƙasa. A zaɓi matakin da mai ƙaramar murya a cikinku zai kai ba tare da jijiyar wuya ta tashi ba. Kuskuren da na fi gani a aikin masu koyo shi ne a zaɓi matakin da ya yi wa jagoran waƙa daɗi shi kaɗai, sai 'yan amshi su zo suna maƙurewa. In matarka ko wata 'yar gidan za ta sa murya, a gwada da ita tun a wannan mataki, domin abin da ya yi wa namiji daidai sau da yawa yakan yi wa mace ƙasa ainun ko sama ainun.

Manhajar da ta fi muku sauƙi ita ce BandLab, kyauta ce, tana aiki a Android da iPhone, kuma tana ba mutum da yawa damar shiga aiki ɗaya kowa ya ɗora muryarsa a layinsa. Mai kwamfuta zai iya amfani da Audacity, ita ma kyauta ce, ko FL Studio in ya iya ta. A buɗe aiki, a saita saurin bugu, a kunna agogon kiɗa, wato abin da ke ƙwasa kowane bugu. A bar zagaye 2 na farko babu komai sai ƙwas-ƙwas ɗin agogon, bugu 8 ke nan. Daga nan mai fiyano ya buga waƙar daga farko har ƙarshe a sauƙaƙe, ba ado, kai kuma ka ɗora murya ta wucin gadi, baitoci da amshi duka. Ba a neman daɗin murya a wannan ɗauka, ana neman kowace gaɓa ta faɗa a gurbinta, a kuma ji inda ake jan numfashi da inda ake yanke kalmar ƙarshe. A fitar da shi fayil ɗaya a tura wa kowa, ya yi kwana 3 ko 4 yana saurare yana bi kafin ya ɗauka.

Da zarar an raba jagora, ba a taɓa saurinsa, ba a taɓa matakinsa, ba a ƙara baiti a tsakiya. In dole ta sa an canja, a sa masa sabuwar lamba, a sanar cewa tsohon ya mutu, duk abin da aka ɗauka a kansa a sake.

In za a sa kayan gargajiya, gurmi ko garaya ko sarewa, akwai bambanci. Tsirkiyar gurmi ana iya ɗaure ta ta dace da fiyano, don haka mai shi ya saurari jagora ya daidaita kafin ya ɗauka, ya kuma sake dubawa bayan kowace ɗauka saboda laima tana sassauta fata, zafi kuma yana ɗaure ta. Sarewar kara kuwa ba ta ɗauruwa, yadda aka huda ta haka take, saboda haka ita ake fara ji, fiyano ya bi ta.

Ɗaukar murya a ɗaki

Ɗaki ya fi waya muhimmanci. Waya mai araha a ɗaki mai kyau ta fi mai tsada a falo mai tayil. Ka tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗakin, in ka ji wutsiyar sauti tana bin tafin, bango yana mayar da murya, kuma wannan amsa-kuwwar ba ta fita bayan an ɗauka. Nemi ɗaki mai katifa da labule da darduma. Ka buɗe wadrob ka fuskanci kayan da ke rataye, ka jingina katifa ko ka rataya bargo a bayanka, domin makirfo yana kwasar abin da bangon bayanka ya dawo da shi. A kashe fanka da firij. A jira janaretan maƙwabta ya yi shiru, wanda galibi sai tsakar dare ko bayan Asuba kafin gari ya tashi, amma in da sassafe ne a ɗan motsa murya na minti 10 tukuna. Cikin mota a kashe, gilashi a rufe, wuri ne mai kyau ga wanda ya rasa ɗaki, irin abokinku na Jidda in masauki ɗaya suke da abokan aiki.

Kada a ɗauka waya tana caji. Wutar Najeriya da Nijar mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, ta Saudiyya 60, kuma caja marar kyau tana shigar da ƙuginta cikin ɗauka. A sa wayar a yanayin jirgin sama don kira ko saƙo kada ya yanke aiki. Abin sawa a kunne ya zama mai igiya. Na Bluetooth yana jinkirta sauti da milisakan 100 zuwa 300, sai mutum ya rantse yana kan kari alhali muryarsa tana baya. Ko da mai igiya, wayoyin Android da yawa suna da ɗan jinkirinsu, BandLab tana da wurin gwada shi da gyara shi a cikin saituna, kowa ya yi wannan gwaji sau ɗaya kafin ya fara. Kada a kunna jagora ta lasifika, zai koma cikin makirfo ya manne da murya. A kunne ma a rage shi, in wanda ke kusa da kai yana jin ƙwas-ƙwas ɗin, makirfo ma yana ji.

A kafa wayar a kan wani abu daidai tsayin baki, kada a riƙe ta, motsin yatsa yana shiga. Tazara tsakanin baki da makirfo taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, a ɗan kautar da baki gefe kaɗan don iskar "f" da "b" da "t" kada ta doki makirfo. Safa siririya da aka miƙar a kan zoben waya ta hanga, a tsakanin baki da makirfo, tana tare wannan iska. Ka rera wurin da ya fi ƙarfi a waƙar kana duban ma'aunin sauti: kada ya taɓa ja, ya riƙa tsayawa tsakanin desibel 12 zuwa 6 ƙasa da sifili. Murya da ta yi ƙasa ana ɗaga ta daga baya, wadda ta fashe kuwa ba ta gyaruwa.

Ga ƙa'idar da za ta magance watsewar da kuka gani. Kowa ya fara ɗauka daga sifili, tun daga ƙwas na farko, ko da baitinsa sai a minti na 3 zai shigo, ya kuma bar ta tana tafiya har ƙarshe. A bugu na 5 na ƙidayar farko ya tafa hannu sau ɗaya. Wannan tafi yana fitowa a allo kamar tsinke a tsaye, mai haɗawa zai jera tsinkayen kowa a layi ɗaya, shi ke nan muryoyi sun hau kan juna. Kowa ya ɗauki nasa sau 3 cikakku ya tura duka, kada ya zaɓa da kansa. Amshi kuwa kowa ya ba da ɗauka 2 masu kyau, mutum 4 sun zama murya 8, amshi ya cika kamar taro. A tura murya tsirararta, ba amsa-kuwwa, ba gyaran kowace iri.

Wani abu da ya keɓanta da irin wannan waƙa: kuka zai zo, musamman ga ƙanin matarka. Rawar murya kaɗan a ɗango ɗaya kada a goge ta, ita ce gaskiyar waƙar. In kuwa maƙogwaro ya toshe, a tsaya, a sha ruwa mai ɗumi, a dawo gobe. Murya da ta yi kuka takan toshe ta hanci na tsawon lokaci, kuma ba za ta haɗu da wadda aka ɗauka kafin kukan ba.

Tura fayil da haɗawa

In duk kuna cikin BandLab, muryoyin suna taruwa da kansu. In ba haka ba, a fitar da kowace ɗauka a matsayin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, mono ba sitiriyo ba, kowa ya saita yawan ɗibar sauti a daƙiƙa a kan 48 kHz tunda wataƙila za a yi mata bidiyo. In wani ya ɗauka a 44.1 aka karanta shi a 48 ba tare da an juya ba, muryarsa za ta hau sama da kusan mataki ɗaya da rabi, minti 4 kuma su ragu da kusan daƙiƙa 20. Fayil ɗin minti 4 a 48 kHz da saitin inganci na bit 24 yana kai megabait 35, a bit 16 kuma 23. Wanda data ta yi wa tsada ya mayar da shi FLAC, wani nau'in fayil ɗin sauti ne, yana rage kusan rabi ba tare da asarar komai ba. MP3 a guje shi a wannan mataki, yana zubar da wani ɓangare na sautin, yana kuma ƙara ɗan shiru a farkon fayil. A WhatsApp a tura shi ta hanyar takarda, wato inda ake tura fayil yadda yake, wanda ke ɗaukar har gigabait 2, ko a zuba a Google Drive. Sunan fayil ya faɗi komai: wane ne, baiti ko amshi, ɗauka ta nawa, a kan jagora mai lamba nawa.

Mutum ɗaya ne zai haɗa, sauran su ba da ra'ayi a rubuce da minti da daƙiƙa, misali "a 2:14 amshi ya danne mai jan baiti". Mai haɗawa ya fara da jera tafi, sannan ya zaɓi mafi kyau daga cikin ɗauka ukun ɗango bayan ɗango, yana yanka a wurin numfashi. Ya yanke duk sauti mai kauri da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz a kowace murya, nan ne ƙugin wuta da na mota suke. Ya kashe sautin wuraren da mutum ba ya rerawa a layin kowa, ba tare da ya matsar da komai ba, in ba haka ba hucin ɗakuna huɗu zai taru ya zama ƙara. Ya daidaita ƙarshen kalmomin amshi, domin kunne yana yafe shigowa da ta ɗan saɓa amma ba ya yafe "s" huɗu a jere. Muryar mai jan baiti a tsakiya, 'yan amshi a raba su dama da hagu, a ƙasa da ita da desibel 4 zuwa 6. Sannan a sa amsa-kuwwa guda ɗaya, 'yar kaɗan, a tura dukkan muryoyi cikinta. Wannan ce ke sa kunne ya yarda cewa a wuri ɗaya aka rera.

Auto-Tune, manhajar da ke gyara hawa da saukar murya, ina ba da shawarar a taƙaita shi matuƙa. In za a sa, a saita shi a kan matakin waƙar, a sassauta saurinsa, domin in ya yi tsauri yana daddatse lanƙwasar murya da karin Hausa ke tafiya a kai, ya ba da sautin ƙarfe wanda bai dace da makoki ba. Manhajar cire hayaniya ma a yi mata sannu, in ta yi yawa murya kan koma kamar daga cikin ruwa. Ƙarfin sautin waƙar bayan an gama haɗawa ya tsaya wajen 14 ƙasa da sifili a ma'aunin LUFS, wanda YouTube ke daidaita sauti a kansa. A gwada sakamakon a lasifikar waya ƙarama, tunda a nan yawancin dangi za su ji shi. In kalmomi ba su fita tar a nan ba, a rage kiɗa.

Gaskiya ita ce ɗaukar waya ba za ta kai ta situdiyo ba, musamman a muryar mai jan baiti. In kun ji amshi ya yi amma muryar mai jan baiti ta yi rauni, ka ɗauki fayil ɗin jagora ka je situdiyo a nan Zariya ka biya kuɗin awa ɗaya, a ɗauki muryarka kaɗai da makirfo mai kyau a kan jagoran nan, ka karɓo ta tsirararta a WAV.

Muryar marigayi da sakin waƙar

Mai yiwuwa akwai tsofaffin saƙonnin muryarsa a wayar wani, yana sa albarka ko yana gaisuwa. Daƙiƙa 10 zuwa 15 na irin wannan a farkon waƙa, ba kiɗa a ƙarƙashi, yana da nauyi ƙwarai, amma sai da izinin Hajiya da 'ya'yansa, kuma a gaya musu kafin a kunna musu, kada su ji ta ba zato. A zaɓi maganar da shi kansa ba zai ƙi a ji ta a waje ba. Manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum su sa shi faɗin abin da bai faɗa ba kuwa, ku nisance su. Sa wa mamaci magana a baki ƙarya ce, ko da niyyar ta alheri ce.

Kada ku ɗora baitocinku a kan kiɗan da aka sauko da shi daga intanet ko karin waƙar wani. YouTube da Facebook suna gane kiɗan da ke da mai shi, su toshe sautin ko su juya amfanin ga mai shi, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare shi. Ku huɗun ma ku rubuta a saƙo ɗaya wane ne ya yi baitoci, wane ne ya yi kari, da cewa ba za a sayar ko a saka a wani wuri ba sai da yardar gidan.

Hajiya da 'ya'yan marigayi su ne za su fara ji, a gida, kafin kowa, su kuma za su ce a tsaya a dangi ko a saki ga jama'a, da kwafin da suke so a saki, mai kiɗa ko marar kiɗa. Wanda za a raba ta waya a yi shi MP3 mai 192 kbps, minti 4 bai kai megabait 6 ba. Asalin WAV ɗin, da muryar kowa daban-daban, da jagora, da baitocin a rubuce, a ajiye su a wuri biyu, ɗaya a intanet ɗaya a filashi a hannun matarka.